Begilar Guntuwa

Akwai zaluncin da ba a kai ƙararsa ko'ina, domin mai yinsa da fara'a yake yi, har godiya ma ake yi masa. Irinsa ne ya faɗa wa Guntuwa, 'yar kafintan nan na bayan makaranta da kowa ke kira Ba-Komai. A bakinsa aka ɗauko sunan. Ka zo aron zarto, ba komai. Ka dawo da shi haƙora a karye, ba komai. Ka riƙe shi gaba ɗaya, nan ma ba komai. A waje in ana lissafin mutanen kirki da shi ake farawa. A cikin gida kuwa, tukunyar da matarsa ta wanke ta kife da safe ba lalle ta tarar da ita da rana ba, don wani ya yi sallama yana nema. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

A farkon zangon karatu tsofaffin ɗaliban makarantar unguwar suka haɗa hannu suka saya wa yara kayan badujala, ganguna manya da ƙanana, da sarewa, da 'yan begila masu ƙyalli. Tun da aka gina makarantar, in ka ɗauke alli, ba a taɓa ganin sabon abu ya shige ta ba. Matsalar ita ce wurin ajiya. Ɓarayi sun daɗe da kwashe ƙofofi da tagogi, ofishin hedimasta ma da waya ake ɗaure shi. Sai malamin badujala, wani tsohon ɗan sanda da ya tsufa yana busa a fareti, ya kawo dabara. Kowane yaro ya tafi gida da abin da yake kaɗawa ko busawa, ya riƙa zuwa da shi ranar atisaye. Sharaɗin guda ne, uba ya zo da kansa ya ɗora hannu a kan kayan a gaban malamai ya ce ya karɓa.

Ba don an fi sonta Guntuwa ta samu begila ba. Samarin aji duk sun gwada, kowa ya kumbura kumatu ya fitar da kukan akuya. Ita da ba ta kai kafaɗar kowa ba ta karɓa ta busa, sauti ya fita tar har ya kai bakin titi. Malam ya dube ta sama da ƙasa, kallon kuwa bai ɗauke shi lokaci ba.

"Ashe ke tsawonki a huhu ya tafi," ya ce.

Ranar ɗora hannu kowane uba ya ce ya karɓa ya koma mazauninsa. Ba-Komai kuwa sai da ya gyara zaman hula ya yi jawabi.

"Malam, ka sa ranka a inuwa. In ka ji begilar nan ta ɓata, to gidana ne ya ƙone da ni a ciki."

Aka yi dariya aka tafa. Guntuwa ta dawo gida rungume da begila, tana ji a ranta babu wanda ya kai ta uba.

Ba ta taɓa mallakar wani abu ba sai wannan, shi ma ɗin ba nata ba ne, shi ya sa ta ɗauke shi kamar ƙwai. Ta samo tsohon tawul ta naɗe ta, ta yi mata wuri a ƙarƙashin gado. Kullum in ta gama wanke-wanke sai ta goge ta da toka mai laushi, ta zaga bayan shagon babanta inda ake zubar da dusar katako, ta yi ta maimaita busar da aka koya musu. An ce a ƙarshen zango waɗanda suka sayi kayan za su zo kallon fareti, kuma ita ce za ta buɗe shi da busa. Abin da take kwana da shi take tashi da shi ke nan.

Wata Asabar ta dawo daga famfo ta duba ƙarƙashin gado, sai tawul a kwance shi kaɗai.

"Mama, ina begilata?"

Mama ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. "Je ki tambayi babanki."

Ta same shi a shago yana fere ƙafar kujera, amininsa mai wankin mota na zaune a kan benci yana ba shi labari. Ta gaishe su, ta tsaya tana murza yatsu.

"Af, begila ko?" in ji Ba-Komai. "Yayanki, ɗan Kawunki da ke zaune nan, shi ya ara. Kin san shi ke jagorantar masu mara wa ƙungiyar ƙwallon unguwa baya, yau suna da wasa. Da yamma zai kawo."

"Baba, ta makaranta ce fa."

"To shi ba a makarantar ya yi ba? Ai shi ma tsohon ɗalibi ne, da haƙƙinsa a ciki."

Mai wankin mota ya tuntsire da dariya ya ce wallahi Ba-Komai ya iya magana. Guntuwa ta juya ta koma gida.

Ba da yamma aka kawo ta ba, sai da ta kwana biyu a waje. Ta dawo tana warin taba, ga wata lotsawa a gefen bakinta mai faɗi kamar an buga ta da kan mutum. Guntuwa ta wanke, ta goge, ta goge har hannunta ya yi ja, amma toka ba ta gyara lotsawa. A wurin atisaye idon Malam ya sauka a kai tun kafin ta shiga layi. Ya tambaye ta, ta sunkuyar da kai. Ya ce kayan da wasu suka hana kansu suka saya ba abin wasan yara ba ne, ya sa ta tsaya a rana har aka tashi.

Daga nan hanya ta buɗe. Duk ranar wasa ɗan mai wankin mota ba ya ko tsayawa dogon bayani, sallama zai yi daga ƙofa ya ce Baba ya ce a ba shi. Wata rana ya dawo da ita babu ɗan ƙarfen nan na baki da ake ɗora leɓe a kai, wanda in babu shi begila bututu ce kawai. Wai ya fice a cikin murnar cin ƙwallo. Guntuwa ta fashe da kuka a tsakar gida.

"Don wannan ɗan abin kike kuka?" in ji babanta. "Kin manta sana'ar ubanki?"

Ya ɗauki guntun katako ya zauna ya sassaƙa, ya huda, ya goge da sanfefa, har man katako ya shafa masa. Ya soka shi a begilar ya ɗaga yana nuna wa masu wucewa, suna cewa kai, wannan hannu sai dai Allah ya kare shi daga bakin mutane. Ba wanda ya ce a busa a ji.

A fili aka ji. Da Malam ya ɗaga sanda Guntuwa ta busa, iska ta tsiyaye ta ko'ina, abin da ya fita ya fi kama da tusa. Masu ganga suka saki sanduna suna riƙe ciki. Malam ya zare katakon ya jujjuya shi a hannu.

"Ina na ƙarfen?"

Tun da safe Mama ta riga ta ɗora mata amsa. Ta ce mata, in an tambaye ki ki ce ya faɗi, ko so kike ki tona wa ubanki asiri a gaban malamai? Ɗa na halak shi ke rufa wa iyayensa.

"Ya faɗi, Malam," in ji Guntuwa.

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro nasa na kansa, wanda ya yi aiki da shi tun yana saurayi, gefensa har ya suɗe.

"Don huhunki na ba ki, ba don halinki ba. In aka ƙara, kin fita."

Maganar ta fi tsayuwar rana yi mata ciwo, domin ta san ba halinta ba ne. Ta yanke shawara daga yau bakin ƙarfen a jakar makaranta zai zauna, ita kuwa begilar ta kai wa Mama.

"Mama, don Allah ki ɓoye min a akwatinki. In an zo ki ce an karɓe ta a makaranta. Saura kaɗan a yi faretin."

Mama ta dube ta, tausayi ya kama ta, domin ita ma ta san zafin abin. Ta buɗe akwati ta tura begilar can ƙasan kaya ta rufe. "Shi ke nan, ki daina damuwa. Ko shi ba ya taɓa min akwati."

Makon nan Guntuwa ta yi barci mai daɗi. A ƙarshensa ta dawo daga aike ta tarar da akwati a buɗe, Mama na ninke kaya tana kauce wa idonta.

"A gaban baƙo ya tambaye ni," in ji Mama, ba tare da an tambaye ta ba. "Ya ce min, ke, kawo begilar yarinyar nan. Yaron yana tsaye a ƙofa yana ji. In ce masa me? In ƙaryata shi? Ke yarinya ce, ba ki san zaman gida ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

"Amma kin ce min..."

"Na ce. To yanzu duka na za ki yi?"

Wasan na wannan karon a wani gari aka yi shi. An tashi da faɗa, magoya baya suka watse kowa ya yi ta kansa, ɗan mai wankin mota ya dawo da kumburarren ido babu begila. Wai a mota ya bar ta, wai wani ya ce ya ga wani ya ɗauka, wai za a bincika. Kullum Guntuwa ta tambayi babanta sai ya ce ana nan ana nema. Ranar atisaye ta ce ta manto ta a gida. Wata ranar ta ce ciki ke mata ciwo ta ƙi zuwa. Ta rame, ta daina cin abinci sosai, in ta ji ganguna daga nesa gabanta sai ya faɗi.

Da ta ga babu mai motsi, ta wanke ƙafa ta tafi wurin wankin mota da kanta. Ta tarar da mutumin yana watsa wa wata mota ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Kawu, don Allah a taimaka a nemo min begilar. Za a kore ni daga badujala."

Ya kashe tiyo ya dube ta. "Babanki ne ya aiko ki?"

"A'a."

"To tashi ki tafi gida. Magana ce tsakanin manya."

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. A ranar ta fara ganin fushin babanta, mutumin da ake karya wa zarto yana murmushi. Ya tsaya a tsakar gida ya rufe ta da faɗa.

"Ni za ki kunyata? Abin da na bayar da hannuna za ki bi sawu ki tambaya? Shekara nawa muna tare da mutumin nan, ko allura ban taɓa ce masa dawo min da ita ba! So kike a ce gidan Ba-Komai an fara bin mutane kamar masu karɓar haraji?"

"Baba, ai ba tamu ba ce."

"Rufe min baki! Wuce mu je ki ba shi haƙuri."

Haka ya tasa ta gaba har wurin wankin mota, ta ba da haƙuri a gaban masu jiran motocinsu. Mai wankin ya ce ya wuce, yaro ai ba ya laifi. Suka tafa da babanta, suka shiga hirar ƙwallo.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Da fareti ya matso, hedimasta ya sa aka kira taron iyaye, ya ce kowane yaro ya zo da kayansa, domin wakilin tsofaffin ɗalibai zai zo ya gani da idonsa. Da safiyar ranar Guntuwa ta bi babanta shago kafin kowa ya zo. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, don girman Allah ka faɗa musu ba ni na ɓatar ba. Ko ba a same ta ba, in Malam ya san ba laifina ba ne zai bar ni in busa ta wani."

Ya ajiye guduma ya dafa kanta. Da gaske fuskarsa ta yi laushi, domin Ba-Komai ba mugu ba ne irin wanda ake nunawa da yatsa, yana son 'yarsa daidai gwargwado.

"Ki bar min komai a hannuna. Ina raye za a wulaƙanta ki? Ni na ɗora hannu, ni zan yi magana."

Ta yarda. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a labarin, ta yarda da shi har ta ci abinci kafin ta tafi.

A babban aji aka yi taron, iyaye maza a gaba, mata a baya, yara a jikin bango kowa riƙe da kayansa. Guntuwa kaɗai ce hannu biyu a sake. Mai wankin mota yana layin gaba, don shi ma yana da ƙaramin yaro a makarantar, ya ma matsa wa Ba-Komai wuri a kusa da shi. Wakilin tsofaffin ɗalibai ya bi layi yana dubawa yana gyaɗa kai, har ya iso kanta.

"Ke fa, ina naki?"

Hedimasta ya ce mahaifinta na nan. Ba-Komai ya miƙe ya gyara murya. Ya dubi 'yarsa, ya dubi amininsa da ke zaune yana kallon silin. 

"Jama'a, ni ba na ɓoye gaskiya ko a kaina take," ya fara. "Begila ta ɓata, kuma a hannunmu ta ɓata. Yarinyar nan son abin ya yi mata yawa, ko famfo za ta da ita take tafiya. Na yi faɗa, uwarta ta yi faɗa. Rannan ta ajiye ta a bakin famfo ta tsaya wasa, ta waiwayo babu. Babu inda ban nema ba, ga aminina nan mai wankin mota shaida ne, tare muka yi ta yawo."

Mai wankin mota ya gyaɗa kai a hankali.

"Amma yaro yaro ne," Ba-Komai ya ci gaba, muryarsa ta yi sanyi. "Ni dai a matsayina na uba, duk da kunyar da ta ja min, na yafe mata duniya da lahira. Ina roƙonku ku ma ku yafe mata."

Wani daga baya ya ce Allahu akbar. Wata mata ta ce da tata ce da ta sassaɓa mata fata, amma dubi bawan Allah ko ɗaga murya bai yi ba. Guntuwa tana jin su kamar daga cikin rijiya. Ba ta ji haushi ba tukuna, mamaki ne ya cika ta, yadda ƙaryar ta fito daga bakin babanta a shirye, har da famfo, har da wasa, alamar ba a nan ya ƙirƙire ta ba. Ke nan lokacin da ya dafa kanta da safe ya riga ya san abin da zai faɗa.

Malamin badujala ya tako har gabanta ya rage murya. "Haka aka yi?"

Ta nemi fuskar Mama a cikin mata. Mama ta girgiza mata kai kaɗan, sannan ta sunkuya tana gyara ɗaurin ɗankwali.

"Haka aka yi, Malam."

Ya miƙa mata tafin hannu. Ta buɗe jaka ta ciro bakin ƙarfensa ta ɗora masa.

Hukuncin bai tsaya a kanta ita kaɗai ba. Wakilin ya ce tun da abin ya zama haka, ba a ƙara barin kaya a hannun yara. Za a kwashe su duka a kai gidansa can wani gefen gari, a riƙa kawowa in ya samu mota. A take aka fara karɓa. Yaran da suka riƙe nasu lafiya lau, waɗanda iyayensu ba su iya jawabi ba amma sun iya cewa a'a, suka riƙa miƙa ganguna suna hararar Guntuwa. Wata da suke zama benci ɗaya ta wuce ta gefenta ta ce, "Allah ya isa, uwar sakaci."

Mutane na cewa kyauta ba ta rage dukiya, kuma gaskiya ne, musamman in dukiyar ba taka ba ce. Akwai gidaje da yawa da ake saya wa maigida suna a waje da abin da aka ƙwata a hannun mata da yara, kuma ba a kiran abin ƙwace saboda ba a zare ido ba. Da Ba-Komai ya sayar da begilar ya ci kuɗin, da an samu mai zaginsa. Shi kuwa ko sisi bai ci ba. Abin da ya kasa shi ne ya ɓata wa namiji ɗan'uwansa rai na minti ɗaya, sai ya ga ya fi masa sauƙi ya miƙa sunan 'yarsa, kamar yadda yake miƙa tukunyar uwarta.

Da la'asar mutane suka taru a ƙofar shago ana mayar da zancen taron, ana yaba masa haƙuri. Guntuwa na ɗaki a kwance, fuska a jikin bango. Ba-Komai ya leƙo cikin gida ya ce wa Mama, da ƙarfin da na waje za su ji, "Ni kam yarinyar nan ko godiya ba ta iya ba? Na tsaya mata a gaban jama'a, ko ta zo ta ce min sannu."

Mama ta shigo ta tashe ta. "Tashi ki je. Kar ki ja mana magana."

"Mama, ke ma kin san..."

"Na sani. Tashi."

Ta fito idanu a kumbure, ta durƙusa a kan dusar katako a gaban babanta da abokansa.

"Na gode, Baba."

Ya gyaɗa kai cikin nutsuwa irin ta manya. "Ya wuce. Allah ya shirye ki, gaba ki riƙa kula da kayan mutane."

Mai wankin mota ne ya fara cewa amin.